Unguwa da Motsa Jikin Yara da Matasa a Masarautar Daura

Masarautar Daura tana arewa maso gabashin Jihar Katsina, a kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango. Kamar sauran sassan Arewa, yara da matasa ne suka fi yawa a cikin jama'arta. Yawan motsa jikin da waɗannan yara ke samu a yini, da irin lafiyar jiki da natsuwar zuciya da suke tashi da su, suna da alaƙa ta kusa da fasalin unguwar da suke zaune: faɗin lungu, inuwar itace, filin da ba a gine ba, nisan makaranta, titin da za a tsallaka, da kuma yardar da iyaye ke da ita cewa ɗansu zai fita ya dawo lafiya. Masana lafiyar al'umma sun daɗe suna nazarin wannan alaƙa a ƙasashe daban-daban, kuma Daura, da tsohon birninta da sabbin unguwanninta da ƙauyukanta, tana nuna fuskokin al'amarin kusan duka.

Ma'aunin da likitoci suka ajiye

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka sabunta a 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a rana idan aka ɗauki matsakaicin mako, irin wanda ke sa numfashi ya ƙaru zuciya ta buga da sauri, kamar gudu, tafiya da hanzari, tuƙa keke ko ƙwallo. Ta ƙara da cewa sau uku a mako ya kamata a samu wasan da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi. Amfanin da aka tabbatar ya haɗa da lafiyar zuciya da huhu, ƙarfin ƙashi, raguwar ƙiba mai yawa, kaifin fahimta a aji da raguwar alamomin ƙuncin rai.

Wani bincike da masanan hukumar suka wallafa a 2019, wanda ya duba ɗalibai miliyan 1.6 masu shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146, ya gano cewa kashi 81 cikin 100 ba sa kai wa wannan ma'auni. A wajen 'yan mata adadin ya kai kashi 85, a wajen maza kuwa kashi 78. Game da tasirin unguwa kanta, wani nazari da aka buga a 2016 a kan manya a birane 14 na ƙasashe 10 ya nuna cewa mazauna unguwannin da suka fi dacewa da tafiyar ƙafa suna fin mazauna waɗanda ba su dace ba da motsa jiki na minti 68 zuwa 89 a mako. A Najeriya, Adewale Oyeyemi da abokan aikinsa na Jami'ar Maiduguri na cikin waɗanda suka fara auna wannan batu, kuma sun lura cewa tambayoyin da aka tsara a Amurka da Turai, masu yawan magana a kan lambunan shaƙatawa da hanyoyin keke, ba sa kama ainihin yadda unguwannin Afirka suke. Dole ta sa aka sake musu fasali. Wannan lura tana da muhimmanci ga Daura, inda abin da ke sa yaro ya fita ko ya zauna ya fi danganta da inuwa, kwata, babur da idon maƙwabci.

Tsohuwar unguwa

Cikin garin Daura, wato yankin da ke kewaye da fadar sarki da rijiyar Kusugu, an gina shi ne tun kafin zuwan mota. Gidaje a manne suke da juna, lunguna ƙanana ne masu lanƙwasa, kuma masallaci, makarantar allo, mahauta, mai kayan miya da injin niƙa duk suna inda ƙafa za ta kai cikin 'yan mintoci. Mazaɓun cikin gari kamar Kusugu, Sarkin Yara da Ubandawaki suna ɗauke da wannan fasali har yanzu, duk da cewa bulo da kwano sun maye gurbin tubali da azara a gidaje da dama.

Irin wannan gini yana saka motsi a cikin yinin yaro ba tare da kowa ya tsara ba. Da asuba akwai masallaci da makarantar allo, da hantsi makarantar boko, da yamma Islamiyya, a tsakani kuma aike ba ya yankewa: kai niƙa, sayo mai, ɗebo ruwa, kai tuwo gidan kaka. Enid Schildkrout, wata masaniyar zamantakewa da ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda yara suke zama ƙafafun matan aure da ke cikin kulle, su ne masu shiga kowane gida, su kai saƙo, su yi talla, su dawo da ciniki. Abin da ta bayyana game da Kano ya yi daidai da tsoffin biranen Hausa gaba ɗaya, har da Daura. Yaron cikin gari kan yi tafiyar da ba ta misaltuwa a yini, alhali shi bai ɗauke ta motsa jiki ba.

Bayan aike akwai wasa, kuma wasa yana da mazauninsa. Dandali shi ne filin da unguwa ta bari a sarari, inda 'yan mata ke gaɗa da dare idan akwai farin wata, samari kuma su yi langa, kokawa da wasannin guje-guje. Langa kaɗai, wadda ake yi a kan ƙafa ɗaya ana riƙe da ɗayar, ta ishi misali: tana bukatar ƙarfin cinya, daidaiton jiki da dogon numfashi, kuma ba ta bukatar komai sai fili da abokai. Bayan kaka akan buɗe fagen dambe da kokawa, a watan azumi yara su zaga gida-gida da tashe. A lokacin hawan Sallah da Hawan Magajiya da bikin Sallar Gani, wanda Daura ta shahara da shi a watan Rabi'ul Awwal, 'ya'yan gidajen sarauta da masu kula da dawaki sukan shafe makonni suna kilisa, sauran yara kuma su bi ayari a ƙafa daga wannan ƙofa zuwa waccan.

Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne zaure da dakali. Dattijon da ke zaune a ƙofar gida ya san ɗan wane ne ya wuce, ya san wanda ya kamata ya kasance a makaranta a wannan lokaci, kuma yana da ikon tsawatarwa. Hausawa na cewa ɗa na kowa ne, kuma a aikace ma'anar ita ce uwa tana iya sakin ɗan shekara shida ya fita lungu hankalinta a kwance. Masu tsara birane a ƙasashen Yamma sun gano darajar wannan sa-ido na maƙwabta a tsakiyar ƙarni na 20, har suka yi ta rubuce-rubuce a kansa. Tsoffin unguwannin Hausa sun riga su da ƙarnoni.

Tsohuwar unguwa tana da nata aibi. Yawan jama'a ya ƙaru, an raba gidajen gado gida-gida, tsakar gida ta ƙanƙance, kangon da yara ke wasa a ciki an gine shi ko ya zama juji. Kwatar da ke bin tsakiyar lungu tana haifar da sauro, ta kuma rage wurin taka ƙafa. Babura sun shigo lungunan da aka yi domin mutum da jaki.

Sabbin unguwanni

Daura ta faɗaɗa ƙwarai tun bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, kuma faɗaɗar ta ƙara sauri a shekarun mulkin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin, daga 2015 zuwa 2023. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, a ƙarshen shekarar kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ya ratsa ta Daura. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ya ɗaga darajar ƙasa, gonakin bakin gari suka koma filotai.

Fasalin sabuwar unguwa ya bambanta da na tsohuwa ta kowace fuska da ta shafi yaro. Gida yana cikin katanga mai tsawo da ƙofar ƙarfe, babu zaure, sau da yawa babu dakali. Maƙwabta sun fito daga wurare daban-daban, ba lallai su san 'ya'yan juna ba. Tituna sun fi faɗi da miƙewa, abin da ke ba mai babur damar sakin gudu. Makaranta, musamman ta kuɗi, takan yi nisa, sai a kai yaro a babur ko a Keke Napep a kuma ɗauko shi. Gidan da ya haƙa rijiyar burtsatse ya huta da ɗibar ruwa, wanda alheri ne babba, sai dai tafiyar da ke cikinta ta tafi ba a maye gurbinta da komai ba. Idan aka haɗa da talabijin da wayar hannu, yaron gidan masu hali yana iya wuni bai yi gudun minti goma ba.

A farkon kafuwar irin wannan unguwa yara sukan sami wata 'yar dama. Filotan da masu su ba su gina ba sukan zama filin ƙwallo, a kafa duwatsu biyu ko sanduna a matsayin raga. Amma wannan fili aro ne. Ranar da mai shi ya sauke yashi da bulo, ƙungiyar ta tashi, sai ta nemi wani kangon a can gaba. Haka filin wasa ke ta ja da baya zuwa bakin gari, har ya fi ƙarfin ƙananan yara, ya zama sai manyan samari masu keke ko babur. Abin da ya rage a tsakiyar unguwa shi ne filin makarantar gwamnati da filin idi. Filin makaranta kuwa yana fuskantar matsi biyu: ƙarin ajujuwa da ake ginawa a cikinsa saboda yawan ɗalibai, da katangar da ake zagaye shi da ita saboda tsaro da masu cin iyaka. Katangar tana da hujja, amma idan aka kulle ƙofa bayan an tashi, unguwa ta rasa filinta na ƙarshe daidai lokacin la'asar da yara ke bukatarsa.

Rana, ƙura da ruwa

Yanayin Daura na yankin Sahel ne. Damina gajera ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, a watannin Afrilu da Mayu kuma zafi kan haura digiri 40. A irin wannan yanayi inuwa ce ke yanke hukuncin sa'o'in da za a iya wasa. Filin da babu itace ba ya amfanuwa daga hantsi har bayan la'asar a lokacin bazara, yashinsa ma ba ya takuwa ga yaron da ba shi da takalmi. Layin darbejiya a gefen hanya kuwa yana mayar da tafiyar makaranta abin da za a iya jurewa. Katsina na cikin jihohi 11 da ke bakin hamada waɗanda shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka ya shafa, amma hankalin irin waɗannan shirye-shirye ya fi karkata ga gonaki da dazuzzuka. Itacen cikin unguwa, wanda shi yaro ke zama a ƙarƙashinsa, yawanci shi ake fara sarewa idan za a faɗaɗa titi ko a fitar da shago.

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyi yana sauƙaƙa guje-guje, sai dai ƙura tana tayar wa masu asma da ciwonsu. Da damina kududdufai kan cika, musamman ramukan da aka haƙi ƙasar gini. Su ne wurin iyo na yaran unguwa, kuma iyo motsa jiki ne mai kyau, amma ruwan da ba ya gudu yana ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fata ta sa fitsarin jini, ga kuma haɗarin nutsewa. Haka abin yake ga yaran da ke kusa da madatsun ruwa irin su Sabke da Daberam.

Titi

Manyan hanyoyi sun haɗu a Daura: ta Kano da ta bi ta Kazaure, ta Katsina, ta Zango da Baure, da wadda ta nufi Mai'adua da iyakar Kwangwalam. Ranar Lahadi, da kasuwar Mai'adua ke ci, manyan motocin dabbobi da na hatsi sukan cika hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana haɗarin mota a matsayin abin da ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya, ta kuma nuna cewa haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa idan mota ta buge shi yana ninkuwa sau huɗu da rabi idan gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a sa'a. Titi mai kwalta ci gaba ne da kowa ke maraba da shi, amma idan ya raba unguwa da makarantarta ko da filinta, ba tare da wurin tsallakawa ko tudun rage gudu ba, iyaye sukan zaɓi ɗaya daga biyu: su biya kuɗin babur ko su hana fita. Ko wanne aka zaɓa, tafiyar ƙafa ta ragu.

'Yan mata

Bambancin da binciken duniya ya nuna tsakanin maza da mata ya fi fitowa fili a nan. Yaro namiji idan fili ya ɓace yana iya bin abokai zuwa wani. Yarinya kuwa, da zarar ta fara girma, iyakar yawonta takan tsaya ga makaranta, Islamiyya, aike da gidajen 'yan'uwa. Dandalin gaɗa, wanda shi ne fagen tsalle da rawa da waƙa na 'yan mata, ya ja baya a garuruwa da yawa, saboda wa'azin malamai a kan cakuɗuwar dare, da saboda finafinai da suka zaunar da mutane a ɗaki, da kuma saboda filin kansa ya tafi. Babu abin da ya gaje shi. Filin ƙwallon unguwa na samari ne, ba a rubuta ba amma kowa ya sani.

Wani bincike da aka yi a kan ɗaliban sakandare kimanin dubu a Maiduguri, aka wallafa a 2014, ya sami alaƙa tsakanin fasalin unguwa da motsa jiki a wajen maza, amma bai same ta sosai a wajen mata ba. Fassarar da ta fi kusa ita ce gyaran titi ko samar da fili kaɗai ba ya isa ga yarinya idan al'ada ba ta ba ta izinin shiga ba. Saboda haka wuraren da suka fi yi mata amfani su ne waɗanda iyaye suka riga suka amince da su: tsakar gida mai faɗi, harabar makarantar 'yan mata, da darasin motsa jiki da ke cikin manhajar ilimin bai-ɗaya, idan an sami malama da za ta koyar da shi da gaske. Yarinya mai talla tana tafiya mai yawa, amma da tire a ka, cikin rana, a tasha da bakin kasuwa, sau da yawa a lokacin da ya kamata tana aji.

Ƙauye da tsangaya

A ƙauyukan Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua matsalar ta juya. Yaro yana noma da damina, yana kiwo, yana tafiyar kilomitoci zuwa makaranta ko rijiya ko neman itace. Minti 60 na likitoci yakan cika shi tun kafin azahar. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tsadar sufuri ta mayar da ɗalibai da yawa, har na cikin gari, ga ƙafa da keke. Almajirin tsangaya ma yana cikin waɗanda suka fi kowa tafiya, daga gida zuwa gida, safe da rana da dare.

Nan ne ma'aunin minti yake gazawa. Motsin da ke gina jiki yana tafiya da abinci isasshe, ruwan sha, hutu da barci. Idan waɗannan suka yi ƙaranci, kamar yadda yake faruwa a yankin da tsumburewar yara saboda ƙarancin abinci mai gina jiki ta yi yawa, doguwar tafiya da aikin ƙarfi suna cin jiki ne. Yaron ƙauye yana da fili da iska, abin da ya fi bukata shi ne rijiya da makaranta a kusa, domin ya sami ragowar ƙarfi da lokacin wasa. Yaron sabuwar unguwa yana da abinci da ruwa, fili ne ya rasa. Manufa guda ba za ta yi wa su biyun aiki ba.

Majalisa

Ga samarin da suka wuce shekarun wasan lungu, unguwa tana ba da abu biyu: ƙungiyar ƙwallo da majalisa. Ƙungiyar ƙwallo tana da koci, lokacin atisaye, karo-karon sayen riga da gasar unguwanni, kuma takan zama makarantar ladabi ga wanda ya bar boko da wuri. Majalisa, wato benci ko tabarma a gindin itace ko gaban mai shayi, wurin hira ce da shawara da taimakon juna, kuma tana da amfani ga natsuwar zuciya, don saurayin da ke da abokan zama ya fi wanda ya kaɗaita. Gidan kallon ƙwallon Turai ya shigo tsakaninsu, inda ake zama sa'o'i ana kallon wasu na gudu.

Inda aikin yi ya yi ƙaranci, kamar lokutan da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, zaman majalisa yakan tsawaita. Kango da lungu marar fitila kuma su ne mafakar masu shaye-shaye. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi, a shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. Fili ba ya maganin shaye-shaye shi kaɗai, amma kangon da 'yan ƙwallo ke cika wa kowace yamma ba ya zama matattara.

Wa ke da iko da fili

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha, na karkara kuma ƙananan hukumomi ke ba da izinin amfani da su. Hukumar tsara birane ta jiha ce ke amincewa da taswirar sabuwar unguwa, kuma a ƙa'idar tsara gari akan ware wurin makaranta, masallaci, kasuwa da filin jama'a. Wahalar tana zuwa daga baya, lokacin da filin da aka ware ya zama shi kaɗai ne bai ginu ba a tsakiyar unguwar da ƙasa ta yi tsada. Inda kuma mai gona ya yanka gonarsa da kansa ya sayar, ba a ma ware komai tun farko.

Masarauta, ƙarƙashin Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar wanda ya hau gadon sarauta a 2007, ba ta da ikon mallakar ƙasa a doka, amma hakimai da dagatai da masu unguwanni su ne shaidun cinikin fili da masu sasanta rikicin iyaka, kuma sukan san da sayarwa kafin kowace hukuma ta sani. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita, ta sanya wasa da hutu cikin haƙƙoƙin yaro a sashe na 31. A unguwannin da ke tasowa yanzu a gefen hanyoyin Kano da Katsina da kewayen sabbin makarantun tarayya, ana yanka filotai ne a kan gonakin da har yanzu ba a gine ba, kuma a wannan mataki ware fili bai wuce jan layi a takarda ba. Bayan an yi gini, samar da fili guda yana nufin biyan diyya da rushe gidaje.